Makon Ƙarshe na Hansai

"Ɗaga ni, Tasalla. Yi maza kafin ta iso."

Tasalla ta sa hannu a bayan maƙwabciyarta ta tallabo ta. Babu nauyi ko kaɗan. Matar da a da take sungumar buhun rogo daga bakin titi har cikin gida, yau ga ta a hannu kamar ƙaramar yarinya. Ta jingina ta da bango, ta cusa mata matashi a ƙugu.

"Miƙo min kwalli. Da ɗankwalin nan nawa mai ruwan goro."

"Yaya Hansai, don Allah ki kwanta. Jiya ko ruwa bai zauna a cikinki ba."

"Zan kwanta. Bari dai yarinyar nan ta zo ta wuce."

Yarinyar ita ce Jiddah, autar Hansai, wadda za ta fara jarrabawar Bak ta kammala sakandare a safiyar nan. Tun da ciwon hantar Hansai ya tsananta, ta tura yarinyar unguwar Nkomkana wajen gwaggonta, wai can ya fi shiru don karatu. Likita ya riga ya gaya wa maigidan, Malam Baballe, su koma gida, babu sauran abin yi. Duk layin an sani. Hansai kuwa ta bi kowa da roƙo kada wanda ya faɗa wa Jiddah sai ta gama.

Tasalla ce ta zizara mata kwallin. Idanun sun yi ɗorawa. Ta ja labule don hasken ɗakin ya ragu, ta kunna turaren wuta.

Sallamar Jiddah ta shigo kafin ita. Doguwa ce siririya, sanye da kayan makaranta, takalminta duk jan taɓon Yawunde.

"Inna, kin tashi!"

"Me zai hana? Jiki ya yi sauƙi. Zo nan in gan ki." Muryar ta fito garau, har Tasalla ta ɗago ta dube ta. "Kin karya? Kin ɗauki katinki? To durƙusa."

Jiddah ta durƙusa. Hansai ta ɗora tafi a kanta, ta yi addu'a mai tsawo, ta tofa mata. Ta gyara mata wuyan riga.

"Kada ki biyo nan sai ranar da kika gama. Kin ji ko? Zirga-zirga tana cinye karatu."

"To, Inna."

Ƙarar takalminta tana ɓacewa a lungu, Hansai ta sulale gefe. Tasalla ta tare ta da ƙirji, ta ji gumi ya jiƙe zanen sharkaf.

Ranar da aka kawo Tasalla unguwar nan ta Briketeri a Yawunde daga Katsina, amarya ce da ba ta san kowa ba, ba ta jin Faransanci ko kalma ɗaya. Ruwan sama bai ɗauke ba duk makon, ga gidaje a cunkushe, kwanon wannan yana zuba a tsakar gidan wancan. Tana zaune tana kuka sai ga wata mata ta leƙo ta saman katanga da kwanon kunu, ta ce, "Amarya, sha wannan tukuna, kukan ya fi daɗi da ƙoshi." Hansai ke nan. Ita ta kai ta kasuwar Mokolo, ta koya mata ƙirga kuɗin ƙasar da yadda ake taya kaya. Ita ta riƙe ta a haihuwarta ta fari, ita ta yi mata wankan jego.

Hansai a unguwar aka haife ta, a nan ta yi aure, kuma ba ta taɓa wuce Garwa ba. Mijinta mahauci ne a mayankar Etudi. Kullum zai dawo da riga ta yi tauri da jini da kitse, kullum da asuba zai sami wata fara ƙal a rataye. Ta haifi bakwai, ta binne biyu. Idan an ɗauke wuta sai ta hura gawayi ta goge kayan makarantar yara. Ita ba ta iya karatun boko ba, amma takan zauna gaban Jiddah tana tsince shinkafa, ta ce, "Karanta da ƙarfi in ji." Idan yarinyar ta yi tuntuɓe a kalma, sai ta ce, "A'a, nan wajen bai yi santsi ba, maimaita."

Kwanakin jarrabawar suka yi ta tafiya, Hansai tana ƙara nisa. Jiddah takan kira da yamma. Tasalla ta kara wayar a kunnen Hansai, ita kuma ta tattaro ɗan ƙarfin da ya rage ta ce, "Lafiya lau. Tuwo ma na ci." Daga baya maganar ta gagara, sai Tasalla ta riƙa cewa ta yi barci.

Abin ya dami Tasalla. Ta tare Malam Baballe a zaure ta ce, "Baban Ja'afar, anya ba mu shiga hakkin yarinyar nan ba? Uwa fa guda ce."

Ya daɗe yana murza hularsa a hannu. "Tun da na aure ta ba ta taɓa roƙona wani abu don kanta ba. Wannan ne kaɗai. Ya zan yi?"

Ranar jarrabawar ƙarshe, da hantsi, Hansai ta buɗe ido. Tasalla tana zaune tana jiƙa mata leɓe da auduga.

"Yau ne?"

"Yau ne, Yaya. Tana ciki yanzu haka."

"Alhamdu lillahi." Can ta ce, "Waken da na shanya... kada ruwa ya taɓa shi."

Waken an ɗebe shi tun watan jiya. Tasalla ta ce, "Na kwashe." Sannan ta matso da bakinta kusa da kunnenta tana maimaita kalmar shahada. Leɓen Hansai suka bi ta a hankali. Daga waje ana jin kekunan ɗinkin shagon Ja'afar, babban ɗanta, suna ta aiki. Kafin a aika a kira shi, ta cika.

Nan da nan gida ya cika da mata. Wata tsohuwa, Mama Ngono, mai sayar da dafaffen rogo a bakin lungu, ta shigo da hannu biyu a ka tana cewa, "Ashiya, ashiya," wato sannu, ta zauna a ƙasa cikin matan Musulmi ta yi kukanta. Maza suka ce a yi sallar jana'iza bayan azahar, don hadari ya haɗo ta gabas, hanyar maƙabarta kuma ba ta da kyau in an yi ruwa. Wani ya ce a je a fito da Jiddah.

Tasalla ba ta taɓa ɗaga murya a gaban maza ba. Ta tsaya bayan labulen zaure ta ce, "Don Allah a bar ta ta gama. A jira la'asar. Ni zan je in taho da ita."

Malam Baballe ya ce, "A jira la'asar."

Ta samu tasi, ta matsu a baya tare da wasu fasinjoji, ta sauka a ƙofar makarantar. Iyaye suna tsaye a gindin bishiyar mangwaro, wasu da lemo a leda, suna hira da dariya. Ta tsaya nesa da su. Yayyafi ya fara. Ta yi ta juya maganar da za ta faɗa, babu wadda ta zauna.

Da aka buɗe ƙofa yara suka ɓarke da ihu, suna jifa da takardu sama. Jiddah ta fito cikin ƙawayenta. Tana hango Tasalla ta tsaya cak. Ta saki hannun ƙawarta, ta tako a hankali.

"Anti, yaushe?"

"Da hantsi."

Jiddah ta gyaɗa kai. Ba ta yi kuka ba sai da suka shiga mota, ta kifa fuska a cinyar Tasalla.

"Na sani tun ranar nan," ta ce cikin shessheƙa. "Da ta dafa kaina, hannunta kamar ƙanƙara. Na ga tana so kada in sani, sai na yi kamar ban sani ba. Anti, na rubuta komai. Ban bar tambaya ko ɗaya ba."

Direban, wanda tun ɗazu yake faɗa da masu babur, ya kashe rediyonsa.

Ruwa ya kece kafin su kai. Motoci suka cushe a gangaren shiga unguwa, suka sauka suka ƙarasa da ƙafa, suna tsallake kwata, suna ratsa hayaƙin masu tsire da ke ja da teburansu ƙarƙashin rumfa. Sun iso an riga an ɗaga makara, tana bakin zaure.

Malam Baballe ya ga 'yarsa a jiƙe. Ya ce, "Ku sauke."

Aka mayar da ita ciki. Tasalla ta sassauta likkafanin ta wajen fuska. Jiddah ta durƙusa, ta daɗe tana kallo, sannan ta ce a hankali, "Inna, na gama." Ta yi mata addu'a, ta miƙe da kanta ba tare da an ɗaga ta ba. Maza suka ɗauka suka fita cikin ruwa.

Aka yi zaman makoki, baƙin Ngaundere da na Duwala suka koma, aka naɗe tabarmi aka mayar wa masu su. Jiddah ta dawo gida, ita ke girki yanzu.

Wata asuba Tasalla tana alwala a tsakar gidanta, ta jiyo Malam Baballe ta bayan katanga yana shirin tafiya Etudi. Ta ji ya buɗe ƙofar ɗakin Hansai, ya yi gyaran murya irin tasa.

"Ke, ina kika sa min hular nan..."

Bai ƙarasa ba.

Tasalla ta tsaya da buta a hannu. Can gidan an bar famfo a buɗe, bokiti ya cika, ruwa yana ta zuba a kan siminti, aka daɗe ba wanda ya zo ya rufe.