Motar da ta jira mai ita ya mutu

"Kaka, yaushe za ka mutu motar ta yi arha?"

Ɗiyata Maisie ce ta yi tambayar, shekararta biyar, bakinta duk miyar tumatir. Ranar Lahadi ce, muna gasa naman rago a bayan gidan surukina Des. Mijina Lachlan ya ƙame da cokalin juya nama a hannu.

Bari in koma baya kaɗan. Des ya kwana biyu yana fama da ciwon daji a huhu, likitoci sun ce watanni suka rage. Abin da ya mallaka na kirki ɗaya ne: tsohuwar mota ƙirar Holden mai ƙofa biyu, launin ruwan lemo, wadda ya saya sabuwa fil lokacin yana saurayi yana aiki a rumbunan alkama. A cikinta ya ɗauko amaryarsa, a cikinta ya kawo Lachlan gida daga asibiti. Burinsa na ƙarshe shi ne ya ga an mayar da rajistarta da sunan ɗansa tun yana da rai, Lachlan ya tuƙa shi su zaga gari.

"Dala ɗaya na sayar maka," in ji shi. "Su cire harajinsu a dala ɗaya in gani, ɓarayin banza."

Lachlan ya miƙa masa ƙwandalar dala ɗaya, suka yi musabaha, muka yi ta dariya.

A ofishin rajistar motoci dariyar ta ƙare. Matar da ke kan teburin ta ce mana ba ruwansu da abin da muka biya. Harajin canja suna a kan darajar mota a kasuwa ake ɗora shi, ko da kyauta aka ba ka. Sai mun kawo shaidar kimarta. Da ta ji labarin Des, sai ta rage murya ta ce idan ta hanyar gado motar ta zo, kuɗin ba shi da yawa. Da kyakkyawar niyya ta faɗa. Da ma ba ta faɗa ba.

Merv, abokin Des na ƙungiyar masu tsofaffin motoci, shi ya zo ya duba motar. Ya shiga ƙarƙashinta, ya fito yana washe baki.

"Yaro, ka san abin da tsohon nan ya ɓoye a ƙarƙashin tamfol? Dala dubu ɗari da sittin, kuma na rage ne don kunya!"

Shi yana murna, ni ina lissafi. Harajin ya haura dubu shida. Kusan daidai da abin da muka tara na aikin kunnen Maisie ke nan. Ruwa ne ke taruwa mata a ciki, ba ta ji sosai, maganarta ma ta fara karkacewa. Layin asibitin gwamnati ya wuce shekara, ga shi za ta fara makaranta. Shi ya sa na yi ta aikin ƙarshen mako a gidan kula da tsofaffi don mu biya a yi mata da wuri.

A kicin muka kwashe ta da Lachlan. Ya ce mu rubuta dubu ashirin, wa zai sani.

"Kamfanin inshora fa? A can za ka ce dubu ɗari da sittin, a nan ka ce ashirin? Tara za su ci mu, mu rasa duka biyun."

"To mu taɓa kuɗin kunnen, Tegan. Kafin bazara na mayar."

"Da me? Ba za a taɓa ko sisi ba. Ka ji ni da kyau."

"Ubana ne fa yake mutuwa!"

"Ɗiyarka ce kuma take kurmancewa."

Ya buga tebur. "Shi ke nan, sai mu zauna mu jira Baba ya mutu, motar ta yi arha!"

Maisie tana ƙarƙashin teburin tana zane. Mun saba faɗin komai a gabanta, saboda mun ɗauka ba ta ji. Amma ihu ai tana ji.

To, ranar Lahadin nan Des ya yi dariya har tari ya sarƙe shi. Da ya lafa, ya ce, "Wa ya gaya miki haka, 'yar tsakona?"

"Baba ne."

Bai kalli ɗansa ba, ni ya kalla. "Tegan, ke ba kya iya ƙarya. Nawa ne?"

Na faɗa masa. Na faɗa masa har abin da matar ofis ta ce, da kuɗin da na hana a taɓa.

"Kin yi daidai, 'yar nan," in ji shi. Ya laluba aljihu ya ciro ƙwandalar, ya ɗora a tafin Maisie ya rufe mata yatsu. "An fasa ciniki. Ki gaya wa babanki ya ƙara haƙuri, ba zan ɓata masa lokaci ba."

Lachlan ya ce, "Baba, ba haka nake nufi ba..."

"Naman zai ƙone, yaro."

Da yamma ya ja tamfol ya rufe motar da kansa, yana haki, ya ƙi a taya shi. Lachlan ya yi ta roƙonsa su fita yawo a hakan, ai ba sai an canja suna ba. Ya ce a'a, ƙamshin fetur yana tayar masa da zuciya. Mutumin da ya yi shekara hamsin yana shaƙarsa! Daga baya ya daina zuwa ƙarin magani a asibiti, ya ce ya gaji da doguwar hanya. Wataƙila gajiyar ce da gaske. Ba wanda ya tambaye shi.

Des ya rasu a tsakiyar Yuli, lokacin da sanyi ya fi tsanani a ƙasarmu. Da muka koma ofis da takardun gado, abin da muka biya bai kai cefanen mako ɗaya ba. Lachlan ya karɓi takardar da sunansa a kai, ya ninke ta, bai karanta ba. Har yau bai yaye tamfol ɗin ba.

An yi wa Maisie aikin. Yanzu tana jin komai, har motsin firji. Da za a mayar da ni kicin ɗin nan, zan sake hana kuɗin. Amma ba ta yarda ta bi ta gaban rumfar motar, kuma ƙwandalar tana cikin safarta a ƙasan akwati. Makon jiya ina taje mata kai ta ce, "Mama, ni na ce wa Kaka ya mutu, ko?"

Na ce a'a. Ban san ko ta yarda ba.

Kai mai karatu, in akwai tsoho a gidanku da tsohuwar mota a rumfa, je ka tambayi harajin kai kaɗai, tun kafin ya ɗora ransa a kai. Kuma duk ranar da lissafi ya nuna maka cewa mutuwar wani za ta rage maka kuɗi, kada ka furta shi a cikin gida. Leƙa ƙarƙashin tebur tukuna, sannan ka haɗiye.