Madara Ba Ta San Kalanda Ba

Kawu, ƙanin mahaifiyarmu, yana da kantin kayan masarufi a bakin titi, yana kuma da ra'ayi a kan komai, har unguwa ta laƙaba masa suna A-Ganina. A ganinsa, ranar lalacewa da ake bugawa a gindin gwangwani wayon 'yan kamfani ne kawai.

"Madara boko ta yi da za ta san kalanda?" in ji shi. Sai ya samu auduga da kananzir ya bi gwangwanaye yana goge kwanan watan, don kada ya tayar wa jama'a hankali.

Matarsa ta leƙa bayan kantar sayar da kaya ta ce, "Maigida, waɗannan fa sun kumbura."

"Ƙiba ce. Alamar lafiya."

Ana nan sai wata mai ɗinki ta zo a fusace, ta ce ɗanta yana kwance a asibiti tun da ya sha madarar da ta saya a nan. Kawu ya dafa ƙirji ya ce zuciyarsa fara ce tas, bai taɓa nufin kowa da sharri ba. Ta ce farar zuciyarsa ba ta tsayar da gudawa ba, ta wuce ta kai ƙara.

Jami'ar duba kayan abinci ta iso da safe. Ta juya gwangwani, ta shinshina.

"Baba, ina kwanan watan?"

"'Yata, ni ban yarda da shi ba."

"Doka ta yarda."

"Doka ai ra'ayin wasu ne. Ni ma ga nawa."

Mutane suka taru. Kawu ya ga dama ta samu, ya huda gwangwanin da ya fi kowanne ƙiba, ya ɗaga kai ya shanye, ya lashe baki. Ya fara wa'azi a kan ƙarfin yaƙini, ya kai tsakiya ke nan sai cikinsa, wanda ba a nemi shawararsa ba, ya kawo nasa ra'ayin da babbar murya. Ban taɓa sanin Kawu ya iya gudu haka ba. Takalminsa ɗaya ma a bakin kanti ya bar shi.

A kotu ya sake dafa ƙirji, ya rantse bai san ya yi laifi ba, don shi har ga Allah ya yi imani madarar lafiyarta lau.

Alƙali ya ce, "Na yarda ka yi imani. Yaron da ke asibiti ba imaninka ya sha ba."

Aka ci shi tara, aka garƙame kantin, aka kwashe kayan aka ƙone. Mai ɗinki ta samu ɗanta ya warke, ta daina ko gaishe mu.

Yanzu Kawu yana zaune a ƙofar gida a kan benci, ya rame, yana kurɓar ruwan gishiri da sukari. Duk wanda ya zo jaje sai ya ce masa bai riƙi alƙali a zuci ba, kowa ai yana da 'yancin yin kuskure.