Kwalbar Feshin Shiyam

Kunnen ƙashi ciwo ne da ba a sayar da maganinsa a kanti. Shi ya ci Shiyam, ɗan ƙanwata.

Ni ke tuƙa jirgin ruwa, shi kuma ke raka baƙi 'yan yawon buɗe ido ƙarƙashin teku da tukunyar iska a baya. A makon da manyan kifayen nan masu fukafukai suka taru a mashigin tsibirinmu, mura ta kama shi. Maimakon ya kwanta ya sha romon kifi da barkono, sai ya sayo maganin feshi a hanci. Kwana da kwanaki yana fesawa. Hancin ya buɗe, anjima ya toshe fiye da da, ya ƙara fesawa.

Da safe na same shi a bayan jirgi yana fesawa a ɓoye.

Na ce, "Kai, sauka. Mai mura ba ya nutso."

"Kawu, hancina ne ko naka?"

"Kunnenka nake ji wa, marar kunya. Maganin nan zai kai ka ƙasa, ba zai dawo da kai ba."

Ya yi dariya. "Yaushe ka zama likita? Ka bar wa likitocin birnin Male aikinsu, ka riƙe igiyar jirginka."

Thoriq, abokin aikinsa, ya ce, "Bar ni in raka baƙinka yau, sarkin majina. Kifayen ba inda za su."

Nan fa ya taɓo inda ke masa ƙaiƙayi. Shiyam ya gwammace komai da a ce baƙinsa sun yaba wa Thoriq. Ya ce, "Ka ga dama ke nan, ko? Sai dai ka biyo bayana." Da muka isa mashigin, ya faɗa ruwa.

Wanda bai ji bari ba, ya ji hoho. Abin da ya faru a ƙasa, Thoriq ne ya ba ni labari. Sun sauka lafiya lau. Suna can ƙarfin maganin ya ƙare, hanyar da ke tsakanin hanci da kunne ta kumbura ta rufe. Da suka fara hawa, iskar da ke cikin kunnensa ta nemi mafita ta rasa. Ya hau kaɗan, azaba ta mayar da shi. Ya haɗiyi yawu, ya motsa muƙamuƙi don kunnen ya buɗe, shiru. Iskar tukunyarsa tana ƙarewa. Thoriq ya miƙa masa tasa, ya yi masa alamar a hau a hankali. Ko a nan sai da Shiyam ya ture hannun, don kada baƙi su gani. Ya cilla sama da ƙarfi.

Muka jawo shi yana amai, jini daga kunne na bin wuyansa, duniya na juya masa. Na kira sunansa ta hagu, bai waiwayo ba. Ban ce masa sannu ba. Ruwa ba sa'an kwando ba ne, kuma an faɗa masa.

Ga abin da kwalbar nan ta ci masa. Kunnen hagu ya mutu, likitan Male ya ce ba zai dawo ba. An hana shi nutso har abada. Baƙinsa duk sun koma hannun Thoriq. Ko jirgina ba ya iya hawa, jiri ke kayar da shi tun daga bakin gaɓa.