Kwikwiyon Kan Rumbu

Falalu ne ya tsamo kwikwiyon daga ruwa, shekarar da madatsar Bakolori ta cinye ƙauyensu a ƙasar Maradun. An riga an kwashe mutane a manyan motoci. Shi ya koma cikin jirgin wani masunci don ya ciro ƙyauren ɗakinsa. Ƙyauren bai samu ba, ruwa ya kai wa ɗakin wuya. Abin da ya samu kwikwiyo ne a kan jinkar rumbu, ya jiƙe sharkaf, murya ta dishe don kuka.

"Bar shi, Baba," in ji masuncin. "Kare ne fa."

"Na gani. Matsa da jirgin."

A sabon matsugunin da aka ba su babu komai sai tsakuwa. Falalu ya shekara sittin yana noman fadama, ga shi yanzu in ya sa fartanya sai ta yi ƙara ta dawo. Matarsa ta daɗe da rasuwa, kabarinta ma yana ƙarƙashin ruwa. Kullum ya ce riƙon kwana biyu yake yi wa kwikwiyon, kafin a sami mai so. Amma in ya dama fura sai ya zuba masa a sakaina tukun. Ya cire masa kaska ɗaya bayan ɗaya. Bai sa masa suna ba. "Kai" yake ce masa, shi kuwa ya taso da gudu.

Bayan damina gero bai yi ba. 'Yarsa Husaina ta zo daga Talata Mafara ta ce ya tattara ya koma wurinsu. Mijinta Malam Abdulwahabu mai karantarwa ne, mutum mai kunyar suruki, don haka ta bakinta saƙonsa ya fito.

"Malam ya ce a gaishe ka. Ya ce ɗaki na nan an share. Sai dai karen. Ya ce shari'a ta yarda da kare ga mai farauta, ko mai dabbobi, ko mai gona."

Sai da ta faɗa sannan ta ji nauyin maganar. Falalu ya dubi tsakuwar da ke gabansa.

"Gaya mai ya yi gaskiya. Ba ni da gona."

Ya kai karen Damri, wurin Bawa maharbi, wanda aka san ba ya barin karnukansa da yunwa. Ya shafa kan karen, ya miƙa igiyar, ya juya ya koma wurin Husaina.

Kwana huɗu karen ya ci igiya ya biyo sawu har Talata Mafara. Da hantsi aka same shi kwance a kan buzun Malam a zaure, ƙafafu duk ƙaya, ya sa baki a butar alwala. Malam ya sa aka wanke buzun. Maƙwabta ne suka yi ta magana. Wani mahauci ya faɗa a bainar jama'a cewa in ya sake ganinsa a unguwar zai sa masa magani a hanji.

Aka mayar da shi. Ya sake dawowa. Ran nan Falalu ya tsinci guntun hanji a bakin lungu, ya tura shi cikin kwata da sanda, ya aika a kira Bawa.

Bawa ya zo ran Talata, da ƙafar akuya a burgame, jakarsa ta fata. Suka gaisa, gida, gajiya, iyali, sannan ya tsuguna.

"Baba Falalu, laifinka ne. Ka reni kare kamar jika, ka kuma ba ni shi da hannu mai sanyi. Mi zai zaunar da shi wurina? Ko ni aka yi wa haka sai in biyo ka."

"Faɗi abin da ka zo faɗi."

"Mu yadda muke yi, mai kare shi ke korar abinsa. Ka kira shi, in ya zo ka buge shi, bugun gaske, a gabana. In ya gudo ni in ba shi nama. Daga ranar ya san gidansa."

"In ban yi ba?"

"Mahauci ya yi nashi."

Suka fita bayan gari, gefen sabuwar hanyar ruwa da ake haƙawa. Bawa ya kwance igiyar ya ja da baya. Falalu ya tsaya da sandarsa ta gora.

"Kai."

Karen ya taho yana kaɗa wutsiya. Sanda ta sauka a haƙarƙarinsa. Ya yi ƙara, ya koma gefe, sannan ya dawo yana jan ciki, kunnuwa a kwance, ya lashi ƙafar Falalu.

"Ƙara," in ji Bawa. "Wanga bai isa ba."

Ya ƙara. Sai a na huɗu karen ya gudu, ya shige bayan Bawa yana rawar jiki. Bawa ya ba shi ƙafar akuyar. Bai ci ba da farko. Yana ta kallon tsohon. Da Falalu ya ɗaga sandar sama, sai ya sunkuya ya ɗauki naman.

Bawa ya ɗaura igiyar. Ya dubi Falalu, ya kau da kai.

"Zai ji daɗi wurina, wallahi. Bari shi yi wata uku shi manta, sannan ka zo Damri ran kasuwa ka gan shi. Ko daga nesa ne."

Falalu ya jefa sandar cikin ramin.

"Ba ni zuwa."