Allura ta Goma

"Naɗe hannun rigarka, tela, ba ni da lokaci."

Haka ta faɗo mini shago tana haki, akwatin sanyi rataye a kafaɗarta. Uwar Allura muke ce mata a layinmu, don ta fi shekara ashirin tana rigakafi a ƙaramin asibitin unguwa, kuma katanga ɗaya ce ta raba gidana da nata. Na ce mata ai na yi biyu, ko so take ta mayar da ni rariya? Ta ce korona ta sake riga. Masu bincike sun gano wani sabon nau'i da yake zille wa allura biyun, ta uku ce take ƙara wa jiki ƙarfi. Kwalba ɗaya ta mutum goma ce, in an buɗe ta kuma awa shida take yi ta lalace. Tara sun samu, ɗaya ta rage, saura minti ashirin.

Ni mutum ne mai gardama, matata shaida ce. Na tambaye ta ko ita ta yi tata. Ta ce da ma wannan ɗin tata ce, sai ta tuna da asmata, da yadda tarina yake tsallako mata katanga. Ita ranar Litinin za a kawo sababbin kwalabe. Na san tana da ciwon suga, na sani sarai. Amma na miƙa hannu, har ina mitar wai hannunta ya yi nauyi.

Litinin ba a kawo ba, ta sama ma haka. Kafin Litinin ta uku zazzaɓi ya kwantar da ita.

Ni ma abin ya taɓa ni a makon nan. Mura ta kwana biyu na yi da ɗan kasala, na miƙe garau. Wannan sauƙin da na samu shi ya fi komai ci mini rai. Kullum da hantsi nakan tsaya bakin tagar ɗakinta, takunkumi a fuska, ina leƙenta ta raga. 'Yarta, wadda take koyarwa a firamare, ita take jinyarta. Numfashinta yana fita da ƙyar, amma bakin nan bai mutu ba.

"Tela, daina tsayuwa kamar wanda ya ƙona rigar mutane da dutsen guga."

"Yaya, da kin bar abinki."

"Da kai ne a nan kwance, ni kuma ina can ina jin shiru ta katanga. Je ka buɗe shago."

Ita da kanta ta matsa aka zo aka goge mata hanci da ɗan tsinken auduga, aka aika babban ɗakin gwaji, wai a san wanne ne ya kama ta, don na baya su shirya. A rana ta shida aka ɗauke ta zuwa asibiti. Kwana huɗu ta yi a can, rana ta biyar da safe 'yarta ta bugo wa matata waya. Ina riƙe da almakashi na ji kukan matata daga tsakar gida, na san ta cika.

Bayan mako biyu wata ma'aikaciyar ɗakin gwajin ta zo da takardu. 'Yar ta aiko a kira ni, ta ce ba za ta iya ita kaɗai ba. Muka zauna a falo, tagogi a buɗe. Ma'aikaciyar ta ce sabon nau'in ne, kuma suna bin duk wanda ya kama don su san allura nawa ya yi, da haka ake gane ƙarfin rigakafin. Sai na yi tambayar da ta hana ni sakat, ko da ta yi allura ta ukun da ta cece ta.

"Baba, na mutum ɗaya ba mu iya faɗa. In muka haɗa dubbai, masu uku sun fi tsira daga kwanciya asibiti. Iyakar abin da muka sani ke nan."

Na so ta ce a'a, wallahi na so. Ba ta ce ba.

Ta nemi katin rigakafin mamaciyar, 'yar ta ciro shi daga aljihun farar rigar aiki. Ma'aikaciyar ta duba, ta ɗaure fuska kaɗan. A layi na uku an rubuta kwanan wata da lambar kwalba, sannan an soke su da biro.

"To biyu zan rubuta ko uku? Wannan allurar ina ta tafi?"

Na tashi na tsallaka gida na ɗauko nawa, na ajiye kusa da na mamaciyar a kan tebur. Rana ɗaya, lamba ɗaya, rubutun hannu ɗaya. Ma'aikaciyar ta dubi katunan, ta dube ni. Ta sunkuya ta rubuta biyu a takardarta, a hankali. 'Yar ta ɗauki nawa katin ta miƙo mini da hannu bibbiyu, na mahaifiyarta yana nan buɗe a kan tebur.