Digiri Talatin da Ɗaya

…kuma ita ba ta ƙone ba, Nasiru. Komai ya ƙone, kujera, taya, rigarka, ita ba ta ƙone ba.

Ga ta a tafin hannuna. 'Yar rizista shuɗiya, irin ta cikin rediyo, ba ta fi ƙwayar shinkafa ba. Dalmar da ke ƙafafunta tawa ce. Na san likina ko a cikin dubu, ina barin ɗan tsini ta hagu, ka sha yi mini dariya a kai. Jalaluddeen, shugabanku na direbobi, shi ya kawo allon batirinka ɗazu a baƙar leda. Wai tunda an yi sadakar arba'in, in duba ko da abin da za a tsinta a ciki. To, na tsinta.

Ƙarfe biyu da kwata. Shagon nan na Sama Road kamar tanda. Fankar sama tana juyawa, iskar wuta take turo mini.

Aikin allon nan ɗaya ne, ƙanina, ka sani, ni na koya maka. Ya ji zafin batir. In ya yi yawa, ya yi ƙara, ya yanke wuta, keke ya tsaya. Shi ke nan. Amma waɗanda suka ƙera shi ba su taɓa taka kwalta a Sakkwato a watan Afrilu ba. Zafin da suke kira haɗari, mu a nan shi ne azahar. Rana na take tsaka, kekunan lantarkin nan su fara mutuwa ɗaya bayan ɗaya, masu keken fetur suna wucewa suna muku hon…

"Yaya Saudatu, keken ga hwa ba shi son rana. Tsakat titi shika macewa, fasinja na zagi na. Ki yi muna wani abu."

A nan ka tsaya, jikin ƙofar nan, kana fifita da hularka.

Kuma ina yin wani abun! Allah ne shaida, ina yi. Ga sabon allon can a kan tebur, nawa, da kaina na zana shi — ma'aunin zafi uku maimakon ɗaya, ba ya yanke wuta farat ɗaya, sai ya riƙa rage ƙarfi a hankali har batir ya sha iska. Abu mai kyau. Kayan haɗinsa kawai nake jira daga Legas. Sati biyu, na ce. Kafin nan… kafin nan sai na cire ma'aunin zafin daga tsofaffin, na like wannan 'yar shuɗiyar a gurbinsa. Ita ba ta jin komai. Ko a tukunyar mai ka jefa ta, magana ɗaya ta sani: digiri talatin da ɗaya. Lafiya lau, a ci gaba da tafiya.

Har kilishi kuka kawo mini. Injiniya Saudatu ta kashe ciwon keke. Na ci, Nasiru. Na ci kilishin.

Sati biyu ya zama wata uku.

Warin asibitin nan ne kuma ya dawo? A'a, ledar ce. Robar da ta narke. An naɗe ka har kai, ido kawai da baki aka bari. Sun ce a hanyar Kalambaina ne, sai da ka fitar da tsohuwar da ka ɗauko sannan wutar ta kama ka. Na sunkuyo, ka motsa leɓe.

"Yaya… allon bai yi ƙara ba."

Na ce yi shiru, kada ka wahalar da kanka. Ba zargina kake ba, na sani. Rahoto kake ba ni, yadda ka saba, don in gyara. Mutane suka ce batirin waje ne, ba shi da inganci. Suka ce ƙaddara. Ni ma na ce ƙaddara, har na fi kowa faɗa. Na gaya wa kaina ai naka na mayar masa da ma'auninsa tun tuni, ai na tuna, ranar Talata ce, ko Laraba… Kwana arba'in ina gina ranar Talatar nan. Yau ga ta a hannuna, shuɗiya.

Kwamfuta. Kada ki duba, Saudatu. Dole ki duba.

Kowane keke yana turo mini labarin batirinsa ta layin waya, wannan ma dabarata ce, da ita nake taƙama. Layi goma, kore shar. Na Hashim, talatin da ɗaya. Na Lawwali, talatin da ɗaya. Talatin da ɗaya, talatin da ɗaya… A waje tsuntsu ya buɗe baki ya kasa tashi, su kuma duk sun haɗa baki suna ce mini sanyi ƙalau. Wanne ne ke tafasa yanzu a ƙarƙashin kujerar wani? Wa ya ɗauko 'yan makaranta? Ba ni da hanyar sani, ni na toshe musu baki da hannuna.

Ga naka a ƙasa, na goma sha ɗaya, ya yi toka-toka. Ban iya goge shi ba. Biyu da minti arba'in, ranar nan. Kana ci da wuta, shi yana cewa talatin da ɗaya.

Waya. Ina wayar? Jalaluddeen tukuna.

Ya ɗauka. Muryata ce wannan? Kowa ya tsaya inda yake, Malam Jalaluddeen, a nemi inuwa, a sauke fasinja, a zare babbar wayar batir, a matsa nesa. Yanzu. Yana tambaya lafiya. Gyara ne, na ce. Gyara! Ji ni. Ko yanzu ban iya faɗa ba. Zan faɗa, wallahi zan faɗa, gaban Innarmu ma zan durƙusa in ce ni ce — amma su tsaya tukuna, su tsaya.

Layin Hashim ya ɗauke. Ya zare. Alhamdulillahi. Na Lawwali. Uku. Huɗu… Ashe haka ake jin daɗin ganin abu ya mutu? Bakwai. Wancan na Sabon Gari ya cika taurin kai, sai ya kai fasinja tukuna, na san shi — a'a, ya ɗauke. Tara. Goma.

Shiru. Allon kwamfuta duk toka, kamar naka.

Bari in zauna. Ruwan randar nan ma ya yi ɗumi. Gobe in bi su ɗaya ɗaya in cire, in mayar da ma'aunin, keke ya mutu da azahar in ya ga dama, fasinja su zage su, su zage ni. Ina takardar rizistocin ma? Ga ta a aljihun tebur. Dogon zare, dozin guda, haka mai kayan rediyo ya yanko mini. Babu ko ɗaya a jiki.

Babu ko ɗaya.

Goma a titi. Naka, sha ɗaya.

Ta faɗi ne? Ƙarƙashin tebur… babu. Na ba wani? Ba na ba kowa kayan aikina. Saudatu, yi tunani. Batir goma sha ɗaya a kekuna, da kuma na ajiya, wanda muke musanyawa in na wani ya ƙi caji, shi ma na like masa don kada a sha bamban, yana nan a lungun… lungun babu komai. Shatin ƙafafunsa kawai a siminti.

Kwana uku da rasuwarka. Ɗakinka mai rufin kwano. Matarka Sadiyatu a kan tabarma, ta shiga takaba, gumi na bin wuyanta, Nuriyya 'yar wata biyar duk ƙuraje sun feso mata. Babu wuta a unguwar sati guda. Gwaggonta ta ce mai takaba ba ta zaman tsakar gida, ba ta leƙa zaure, ɗaki, ɗaki har wata huɗu da kwana goma. Kuma Sadiyatu ba ta musu, ka san ta. Na ce to ni abin da zan iya ke nan. Ni na ɗauko shi. Ni na hau rufin na kafa farantin sola, na ja waya, na tura batirin ƙarƙashin gadonka don kada yarinya ta taɓa. Fanka ta tashi, Sadiyatu ta yi murmushin farko tun ranar.

"Allah shi saka miki, Yaya. Ko shi yana nan, iyakar abin da za shi yi muna ke nan."

Ƙarƙashin gado. Ba iska. Ba layin waya a jikinsa, shi ya sa bai taɓa fitowa a kwamfuta ba. Kuma yanzu ne rana ta fi dukan farantin nan, yanzu yake shan caji, yana sha, babu mai ce masa ya isa… Bayan azahar takan rufe ƙofa su kwanta. Inna ba ta ji sosai. Gwaggo ta koma ƙauye jiya.

Lambarta. Na danna. Sadiyatu, Sadiyatu… tana shiga. Ina takalmina? Bar takalmin. Titi fayau, rana ta kori kowa, ga keken Lawwali can ƙarƙashin dogon yaro, ni na kashe shi da bakina. Babur! Ko babur ɗaya, jama'a… Kwalta na cin tafin ƙafata. Tana shiga. Nasiru, in kana ji, tashe ta. Kai take ji.

An ɗauka.

Sadiyatu? Fito da Nuriyya, fito waje, bar takabar, ni zan ɗauki zunubin, fito…

Ba ta magana. Ko hannunta ne ya danne wayar cikin barci? Numfashi nake ji, ko…? A'a, fankar ɗakin ce. Tana juyawa, tana juyawa, lafiya lau.