Zaman Sauraro a Gonar Shinkafa

Kamfanin fasa dutse ya iya zaɓen rana. Doka ta ce kafin ma'aikata ta ba shi izinin haƙar tsaunin da ke saman ƙauyen Simlegaun, sai an tara mutanen ƙauyen an ji ta bakinsu. Shi kuwa sai ya sa taron ranar bikin dashen shinkafa, ranar da ko mara lafiya sai ya lallaɓa ya je gona.

Pratiksha Dhungana, ƙaramar jami'ar da aka turo daga Katmandu, ta tarar da filin makaranta shirye tsaf: rumfa, lasifika, kujerun roba reras. Mahalarta kuwa direbobin kamfanin ne, sai wani tsoho da ya shigo fake wa ruwa.

Shugabanta Regmi, wanda ya kusa ritaya, ya riga ya miƙe ƙafa yana kurɓar shayi. Ya ce an liƙa sanarwa, ba wanda ya zo da ƙorafi, kuma doka ba ta ce a janyo mutane da igiya ba.

"Sar, jama'a aka ce mu saurara, ba kujeru ba."

"Nani, 'yata, sha shayinki. Mu kama hanya kafin ta zabtare."

Ta san sauran zancen. Da zarar sun koma sun ce ba a yi ƙorafi ba, takarda za ta hau teburin minista, ta sauko da sa hannu, shi ke nan. Ta cire takalmanta, ta ɗauki wayarta, ta gangara gonaki.

Can ƙasa maza na kora shanu cikin taɓo, mata sun jera a sunkuye suna dashe suna waƙa. Pratiksha ta tsaya a kan gaɓa ta soma jawabin da ta kwana biyu tana shiryawa, na ƙura da ciwon huhu da sashe kaza na doka. Ko ɗago kai ba wanda ya yi. Daga ƙarshe wata dattijuwa, Man Kumari Gurung, ta jefo mata damin iri.

"Bahini, ƙanwata, daga can sama ba ma jin ki. Shigo."

Ta shiga, taɓo ya kai mata gwiwa. Layinta ya riƙa karkacewa, matan suna ta dariya, wata ta ce duk wanda ya aure ta ya tanadi kuɗin sayen shinkafa a kanti. A sunkuyen nan bakinsu ya buɗe, ta kunna waya tana naɗa.

Ta zaci za su ce ba sa son kamfanin. Ashe suna so. Suna son titin da ya yi alkawari, suna son aikin da zai dawo musu da 'ya'yansu daga Katar. Abu ɗaya ne ba su yarda da shi ba: rafin da ke shayar da gonakin nan daga gindin tsaunin yake ɓuɓɓugowa, don haka a koma ɗaya gefen a haƙa. Pratiksha ta sake sako maganar ƙura, sai Man Kumari ta katse ta, ta ce abin da suka faɗa za ta kai, ba abin da take so su faɗa ba. Maganar ta yi mata zafi, amma ba ta kashe wayar ba.

Saura matsala guda. In ba a gaban shugaban taro, wato Regmi, aka yi magana ba, a wurin doka hira ce kawai.

Sai ga Regmi ya gangaro da lema don ya tafi da ita, manajan kamfanin na biye da shi yana ɗage ƙafar wando. A irin wannan rana ba a ƙyale baƙo. Kafin Regmi ya buɗe baki mata biyu sun shafe masa kumatu da taɓo, wata ta danƙa masa kwanon nono da shinkafa.

Pratiksha ta juya wayar ta saita shi. "Sar, ga jama'a, ga ka. An buɗe taro?"

Manajan ya fara cewa taro ai a makaranta yake. Regmi bai kula shi ba. Layin da Pratiksha ta dasa yake kallo, yana girgiza kai, don shi ma ɗan manomi ne. Ya miƙa wa manajan lemar, ya naɗe wando, ya shigo ya karɓe damin daga hannunta.

"Wannan ba dashe ba ne, ɓarna ce," ya ce. Sannan ya dubi dattijuwar. "An buɗe. Didi, yayata, faɗi cikakken sunanki, ki maimaita maganar rafin nan. A hankali, yarinyar na naɗa."